Tsoron Abin da Bai Faru Ba: Tambayoyi da Amsoshi kan Raɗa wa Abin da Zuciya Ke Ji Suna

Me ake nufi da ƙirƙirar suna ga abin da mutum ke ji?

Akwai abubuwan da zuciya ke ji waɗanda kowa ya san sunansu: tsoro, fushi, kewa, kishi, murna. Akwai kuma waɗanda in aka tambaye ka sai ka ce, "Wallahi ban san yadda zan faɗa maka ba." Ka leƙa tsohuwar firamarenku ranar hutu, ka tsaya a filin da ka saba jin ihun yara, babu kowa sai iska tana wasa da takarda, sai wani abu ya tokare maka ƙirji. Ba tsoro ba ne, kuma bai cika zama kewa ba. Wasu marubuta sun ɗauki aikin lura da irin waɗannan, su siffanta su dalla-dalla, sannan su raɗa musu suna.

Wanda ya fi yin fice a wannan aiki a zamaninmu shi ne wani Ba'amurke, John Koenig. A 2009 ya fara wallafa kalmominsa a intanet da sunan The Dictionary of Obscure Sorrows, wato ƙamus na damuwoyin da ba a cika sanin su ba. Daga baya ya riƙa yin gajerun bidiyo a YouTube, a 2021 kuma aikin ya fito a littafi. Abin da mutum ke ji a makarantar nan da ta yi tsit, shi ya kira kenopsia, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin wofi da gani. Yana da anemoia, kewar zamanin da ba ka taɓa rayuwa a cikinsa ba, irin abin da matashi ke ji in ya ƙura wa tsohon hoton garinsu ido, hoton da aka ɗauka kafin a haifi kakansa. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce sonder: lokacin da ka farga cewa duk wanda ya gifta ka a titi yana da rayuwa cikakkiya kamar taka, da bashinsa da maras lafiyarsa da abin da ke hana shi barci, kai kuwa a labarinsa wani mai wucewa ne kawai.

Kai me ya ja ka cikin wannan zance?

Wata safiya ce ta hunturu. Ina zaune kan benci wajen mai shayi a bakin titi, na gama da shayi da burodi, na miƙa masa dubu ɗaya, ya ce ba canji. Na ɗan ji haushi, na tashi na tsallaka wajen mai sayar da kati in canzo. Kuɗin bai shiga hannuna ba na ji ƙara. Tifa ce ɗauke da yashi birki ya ƙwace mata, ta bi ta kan bencin da na tashi, ta niƙe teburin, ta je ta tsaya jikin katanga. Mai shayin ya zagaya baya ɗebo ruwa. Ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Gwangwanayen madara suka watse a titi, kofin silbar da na sha shayi a ciki ya lotse ya koma kamar faifai.

Ranar har da dariya nake ba da labari. 'Yan uwa suka yi ta zuwa barka da arziki, Hajiyarmu ta sa aka soya ƙosai aka raba sadaka. Sai a dare na uku na farka wajen ƙarfe biyu, zuciyata tana dukan uku-uku, kaina yana lissafi shi kaɗai. Da yana da canji fa? Da na ce ya ƙara mini rabin kofi? Na ga tabarmin zaman makoki a ƙofar gidana, na ga matata cikin takaba, na ga wanda zai je makaranta ya ɗauko yara ya rasa abin da zai ce musu.

Da na gaya wa yayana, ya ce, "Kai da Allah ya tserar, me kuma ya rage? Ka gode masa." Gaskiya ya faɗa, kuma ina godiya. Amma abin bai tafi ba. Da yake ba ni da sunan da zan kira shi, sai na ari sunan da ya fi kusa, na ce butulci ne, na shiga zargin kaina. Wannan zargin ya fi tsoron kansa wahalar da ni.

To ba fargaba ce kawai ba? Ai Hausa ba ta rasa kalmomin tsoro ba.

Ba ta rasa ba, tana ma da su jingim. Amma a jera su a duba inda kowacce ta fuskanta. Fargaba da zullumi da tararrabi duk gaba suke kallo, abin bai zo ba tukuna, ana jiran sa. Firgici da razana na lokacin da abin ke faruwa ne, da su da faɗuwar gaba da kaɗawar hanta. Jimami da alhini na abin da ya riga ya auku ne, an yi rashi ana juyayi. Da-na-sani kuwa sai ka yi wani abu da hannunka ya ɓaci. Abin da ya tashe ni a dare na uku bai shiga ko ɗaya ba. Tsoro ne mai kallon baya, ga abin da ya riga ya wuce, kuma bai faru ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, Hausa ta gama siffanta aukuwar kanta. Muna cewa ya sha da ƙyar, ya auna arziki, saura ƙiris, da sauran kwana. Muna da gaisuwa ta musamman domin wanda ya tsira. Sannan muna da karin maganar da ta fi duka, wato tsallake rijiya da baya. A tsaya a kalli hoton da ke cikinta. Mutum yana tafiya da baya, bai san da rijiya ba, ya tsallake ta. Yana gama tsallakewa, ina rijiyar take? Tana gabansa, a saitin idonsa. Lokacin haɗarin bai gan ta ba, sai da ya tsira ya ga bakinta a buɗe. Magabata sun kawo mu har nan suka tsaya. Abin da ba su raɗa wa suna ba shi ne halin mutumin da ya kasa ci gaba da tafiya, ya dawo ya durƙusa a bakin rijiyar yana auna zurfinta.

Ni na sa masa leƙen-rijiya.

Me ya sa tsoron ke zuwa bayan an tsira, ba lokacin haɗarin ba?

Lokacin haɗari jiki ba ya ba da damar tunani. Zuciya tana harba jini, ƙafa tana gudu, hankali yana kan abu ɗaya. Shi ya sa za ka ga wanda ya fito daga motar da ta kife yana taimaka wa wasu, bai san hannunsa na jini ba. Sai ƙura ta lafa ƙwaƙwalwa ke samun sararin komawa ta sake saƙa labarin ta wata hanya.

Kuma gwargwadon kusancin abin, gwargwadon sauƙin saƙa wancan labarin. A 1982 masana halayyar ɗan'adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun ba mutane labarin matafiya biyu da suka shiga mota ɗaya zuwa filin jirgi, cunkoso ya riƙe su, suka makara da minti 30. Aka ce wa na farko jirginsa ya tashi a kan lokaci. Aka ce wa na biyu nasa ya yi jinkiri, minti 5 ke nan da tashinsa. Dukansu sun rasa jirgi, asararsu ɗaya, amma kusan duk waɗanda aka tambaya sun ce na biyun zai fi jin takaici. Dalili shi ne minti 5 yana da sauƙin gogewa a zuci. Haka a 1995 wasu masu bincike suka duba fuskokin 'yan wasan da suka ci lambobi a gasar Olamfik ta Basalona ta 1992, suka ga masu tagulla sun fi masu azurfa fara'a. Mai azurfa yana kallon zinaren da ya kuɓuce masa, mai tagulla yana kallon yadda ya kusa komawa gida hannu rabbana.

Leƙen-rijiya ɗan gidan nan ne. Da a ce tifar ta zo awa uku bayan na bar wurin, da labari ne kawai na ji a gari. Abin da ya raba ni da ita canjin dubu ɗaya ne, kuma zuciya ba ta sha wahalar ƙaddara cewa mai shayin yana da canji ba.

Wannan ba raunin tawakkali ba ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin ita ce ke sa mutane yin shiru. Akwai hadisi a Sahihu Muslim, daga Abu Huraira, inda Manzon Allah (SAW) ya hana wanda wani abu ya same shi ya riƙa cewa "da na yi kaza da kaza ya faru", ya ce a maimakon haka ya ce Allah ne ya ƙaddara, abin da ya so shi ya aikata, domin "da" tana buɗe ƙofar aikin shaiɗan. Ni a wurina wannan hadisin shaida ne cewa an san zuciyar ɗan'adam tana da wannan ƙofa, kuma an ba mu abin rufe ta. Amma ba ka rufe ƙofar da ba ka yarda tana buɗe ba.

Bugun zuciyar da ya tashe ka da dare ba kai ka kira shi ba. Abin da ke hannunka shi ne abin da za ka yi bayan ka farka. Annabi Yaƙubu, a cikin Suratu Yusuf aya ta 86, bai ce ba ya jin komai ba. Ya ambaci damuwarsa da baƙin cikinsa, kowanne da sunansa, ya ce ga Allah yake kai kukansu. Mutum yana iya yin sujudar godiya da safe da zuciya ɗaya, da dare kuma jikinsa ya yi rawa. Duka biyun gaskiya ne.

Kalmar da mutum ɗaya ya zauna ya ƙirƙira, ita ma kalma ce?

Duk kalma wani ne ya fara furta ta, sai dai yawanci ba mu san shi ba. Wasu kuwa an san su har da shekara. Kalmar nostalgia, wadda harsunan Turai da yawa ke amfani da ita yau wajen kewar gida da kewar zamanin da, wani ɗalibin likitanci ne mai suna Johannes Hofer ya haɗa ta a 1688 a jami'ar Basel, daga kalmomin Girkanci masu nufin komawa gida da ciwo. A lokacin cuta aka ɗauke ta, ana ganin ta a jikin sojojin Suwizalan da ke aikin haya a ƙasashen waje, suna ramewa saboda begen duwatsun garinsu. Yau ba mai tuna cewa ƙirƙirarriya ce.

Ta kusa-kusa ita ce solastalgia. Wani masanin falsafa ɗan Ostireliya, Glenn Albrecht, ya ƙirƙire ta a farkon shekarun 2000, bayan ya saurari mazauna yankin Upper Hunter a jihar New South Wales, inda haƙar kwal ta cinye gonaki da tsaunuka. Ma'anarta kewar gida alhali kana cikin gidan, domin wurin ne ya canza ya bar ka. Kalmar ta shiga rubuce-rubucen likitoci da masu nazarin sauyin yanayi. Ba na jin masuncin da ya girma a bakin Tafkin Chadi lokacin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960, ya kuma ga inda ruwan ya janye ya bari, yana bukatar dogon bayani kafin ya gane ta.

Mu ma haka muke yi. Babur mai ƙafa uku ya samu sunan a-daidaita-sahu a Kano daga shirin gyaran tarbiyya na zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, yanzu yaron da bai san shirin ba ya san abin hawan. Ƙamus bin baya yake yi. Baturen nan Bargery da ya fitar da nasa ƙamusun a 1934, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, abin da suka tarar a bakin mutane suka tattara.

Sai dai a faɗi gaskiya, yawancin kalmomin Koenig ba su fita daga littafinsa ba. Da yawa suna da kyau a ido, suna da nauyi a harshe. Abin da mutane suka fi ƙauna a aikinsa bayanin ne, wato lokacin da ka karanta ka ce, "Ashe ba ni kaɗai ba ne."

Sanya wa abu suna yana rage shi da gaske, ko daɗin baki ne?

An gwada. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjeles sun nuna wa mutane hotunan fuskoki masu fushi ko tsoro, suna kallon ƙwaƙwalwarsu ta na'urar ɗaukar hoto. Idan mutum ya zaɓi kalmar da ta dace da abin da fuskar ke nunawa, sashen ƙwaƙwalwa mai kaɗa ƙararrawar haɗari, wanda ake kira amigdala, yakan ɗan lafa. A 2012 a jami'ar dai aka sa masu tsoron gizo-gizo su matso kusa da wani ƙato mai rai. Wasu aka ce su faɗi abin da suke ji ƙarara, wasu su rarrashi kansu cewa ba zai cuce su ba, wasu su yi zancen wani abu daban. Bayan mako guda, waɗanda suka faɗi tsoronsu da baki su ne tafin hannunsu ya fi rage gumi.

Ba magani ne mai warkarwa nan take ba, sauƙi ne kaɗan. A wurina babban amfanin yana wani wuri: suna yana ba ka abin da za ka miƙa wa wani. "Ban jin daɗi" ba ta gaya wa matarka komai. In kuwa kun san kalma ɗaya ku biyu, ka faɗe ta, ta san ba ita ta yi maka laifi ba, ta san kuma ba asibiti za a nufa a daren ba.

Sai da kalma mutum ke iya jin abu?

A'a. Jariri yana firgita kafin ya san kalmar firgici. Ni ma na yi makonni ina fama da abin kafin in sa masa suna.

Akwai abin da Hausa ta raɗa wa suna wanda wasu harsuna ke fama da shi?

Sosai. Gwada fassara santi ga wanda ba Bahaushe ba, ka ga yawan jimlolin da za ka kashe: abinci ya yi daɗi har mutum ya saki baki yana zuba zancen da bai shirya ba. Ko kara, wadda ke sa uwa ta ƙi goyon bayan ɗanta a gaban ɗan kishiya ko da shi ke da gaskiya. Ko irin kunyar da ke hana ta kiran sunan ɗan fari. Ga kawaici, ga fulako da muka aro daga Fulani. Kowace al'umma tana raɗa suna ne a inda idonta ya fi zama, mu kuwa namu ya daɗe a kan zaman tare da abin da ke tsakanin mutum da mutum.

Mutanen Baining na ƙasar Papuwa Sabuwar Gini suna da awumbuk, nauyin jiki da kasalar da ke sauka a gida bayan baƙi sun tafi. Har abin yi suka tanada: a ajiye ƙwarya da ruwa ta kwana, da asuba a watsar. Duk matar da ta aurar da 'ya, ta wayi gari washegarin kai amarya ta ga tsakar gida ba kowa sai tukwanen aro da kujerun haya, ta san awumbuk ko ba ta taɓa jin kalmar ba.

Ba a jin tsoron a mai da kowane ɗan motsin zuciya ciwo?

Ana ji, kuma tsoron yana da hujja. Suna mai daɗi yana iya sa mutum ya rungumi damuwarsa ya ƙi sakin ta. Ana raɗa sunan ne domin a gane abin a wuce.

Akwai kuma kishiyar wannan, wato a lulluɓe ciwo na gaske da kalma mai taushi. Leƙen-rijiya na kwanaki ne ko 'yan makonni, yana raguwa da kansa. Idan wata guda ya wuce mutum yana ta mafarkin abin, yana ganin sa a farke kamar yanzu yake faruwa, ya daina bin hanyar, ƙaramar ƙara tana zaburar da shi, barci da aiki sun lalace, to wannan likitoci sun san shi. Tun 1980 ya shiga littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke rarrabe cututtuka da shi, a matsayin ciwon damuwar da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, kuma ana maganinsa. A yankunanmu da suka ga harin 'yan bindiga da garkuwa da mutane, masu ɗauke da shi suna da yawa, ciki har da waɗanda ba a taɓa ba, waɗanda motar gabansu aka tare. Irin wannan a kai shi asibiti, a haɗa da addu'a, kada a tsaya neman masa sabon suna.

In ina so in ƙirƙiri tawa da Hausa, ta ina zan fara?

Kada ka fara da kalmar, fara da lura. Yaushe abin ke zuwa, a ina yake zama a jiki, da me ya yi kama, da me kuma ya bambanta. In ka iya ba wa abokinka labarinsa har ya ce "ni ma na taɓa ji", to akwai abin raɗa wa suna.

Sannan ka bi hanyar da harshen ya riga ya share. Ba ma bukatar Girkanci. Hausa gwana ce wajen ɗaure ƙaramar jimla ta zama suna: hana-salla, dafa-duka, a-kori-kura, a-ci-balbal, ka-fi-zabo. Tana da ƙirar sanƙarau daga sanƙarewa, wadda aka bi aka samar da ƙanjamau daga ƙanjamewa. Tana kuma son jingina abu da jiki, kamar sanyin gwiwa da ɓacin rai da ajiyar zuciya. Mafi sauƙi shi ne ka nemi karin maganar da ta kusa isa wurin, ka ƙarasa mata taku ɗaya.

Ina da guda biyu bayan leƙen-rijiya. Amsar-hanya ita ce maganar da ta dace ka mayar wa wanda ya gaya maka magana, amma ba ta zo maka ba sai da ka kama hanyar gida. Ɗayar kuwa kewar-gaba, ita ce ta fi taɓa ni. Kana zaune kusa da mahaifiyarka tana tsintar shinkafa a faranti, lafiyarta ƙalau, tana ba ka labarin da ka ji sau goma, sai ka ji kana kewarta tun tana nan.

Kalmar taka ta kama bakin mutane?

A gidanmu dai ta kama. Kwanaki ƙanwata ta dawo daga kasuwa ta tarar ta bar tukunyar gas a buɗe, ɗakin girki ya cika da wari, yara suna falo suna kallo. Ta buɗe tagogi, ta fitar da su waje, komai ya wuce lafiya. Bayan kwana biyu ta kira ni da sassafe, muka gaisa, ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, leƙen-rijiyar nan ne ya hana ni barci." Na ce mata na sani, ta ba ni labarin tun daga farko, na saurara har ta gama.

Mai shayin ma ya koma sana'arsa. Ya sayi sabon tebur, ya ja shi baya can ƙetaren kwalbati, nesa da kwalta. Ban taɓa gaya masa kalmar ba. Amma na lura in babbar mota ta taho da gudu, yakan tsaya da butar a hannu, bai zuba ba, sai ta wuce.